Aminiyata za ta yi aure a Santorini, ta ina zan fara shirin tafiya?

Tambaya: Aminiyata tun ta makaranta za ta yi aure a tsibirin Santorini na ƙasar Girka a watan Agusta, nan da wata biyar, kuma ta ce lallai sai na je. Ban taɓa zuwa Turai ba, fasfona saura wata tara ya ƙare. Wasu sun ce in sayi tikiti yanzu tun da sauƙi, wasu sun ce in jira biza. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata in sani don kada in yi asara?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri, ya sa a yi lafiya a gama lafiya. Na yi sama da shekara goma ina yanka wa mutane tikiti da haɗa musu takardun biza, kuma a cikin tafiye-tafiyen da ke zuwa gabana babu wadda nake sa wa ido kamar ta biki. Mai zuwa hutu in bizarsa ta makara sai ya ɗage zuwa wata mai zuwa. Ɗan kasuwa zai iya tura wani. Amma ranar aure tana nan daram, ba za a jira ki ba, kuma in kin iso washegari to kuɗinki sun tafi a banza. Saboda haka ki rubuta ranar a takarda, ki riƙa lissafi daga ita kina dawowa baya, kina barin rara a kowane mataki. Duk abin da zan faɗa miki daga nan ya taso.

Kafin biza, kafin tikiti, ki zauna ki yi lissafin kuɗi da gaskiya. A irin wannan biki, abin da aka saba shi ne baƙo ya ɗauki nauyin jirginsa da ɗakinsa, ango da amarya su ɗauki nauyin liyafa da shagulgulan da suka tsara. Wasu kan biya wa baƙi mota daga filin jirgi, wasu ma har da ɗaki, amma kada ki ɗauka haka ne sai kin ji daga bakinta. Ki tambaye ta kai tsaye: me kuka ɗauke mana, me ya rage a kanmu? Kwana nawa kuke so mu yi? Wane taro ne dole, wane ne ganin dama? Ba abin kunya ba ne, aminiya ce. Sannan ki haɗa jirgi, ɗaki, biza, inshora, kayan da za ki ɗinka, mota, abincin ranakun da babu liyafa, da albashin da za ki rasa in hutun ba na biya ba ne. Santorini a watan Agusta tana tsakiyar kakar masu yawon buɗe ido, lokacin da ɗaki ya fi tsada a shekara. In jimillar ta fi ƙarfinki, ki faɗa mata yanzu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu shirya biki suna biyan kowace kujera tun kafin ranar, don haka "ba zan samu zuwa ba" a watan Maris ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba a kan "ina nan tafe" da za a janye ana saura mako biyu. Ni ban ga amfanin cin bashi don zuwa bikin kowa ba, kuma amaryar da ta zaɓi yin aure a wata ƙasa ta riga ta san wasu masoyanta ba za su iya zuwa ba.

In kin yanke za ki je, to fasfo ne farko, kuma naki yana bakin gaɓa. Girka tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai 29 da suka cire shingen bincike a tsakaninsu. Dokarsu ta ce fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma yana da sauran wata uku bayan ranar da za ki bar yankin. Naki saura wata tara, biki nan da wata biyar, ke nan za ki fito da ragowar kamar wata huɗu. A takarda kin tsallake, amma da ƙyar. Ƙasashe da dama da ake ya da zango a cikinsu, irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wata shida suke nema ga mai shiga gari, kuma in jirgi ya samu matsala aka ce fasinjoji su kwana a otal a cikin gari, nan za ki gane bambancin. Shawarata, in a inda kike sabunta fasfo ba ya wuce 'yan makonni, ki sabunta shi a wannan makon. In kuwa yana cin watanni, ki nemi bizar da wanda ke hannunki, ki zaɓi hanyar da ba za ta sa ki shiga wata ƙasa ba. Abin da ba na so shi ne ki miƙa tsohon fasfo a sabunta alhali lokacin ganawarki ta biza ya matso.

Yanzu biza, inda mafi yawan baƙin biki ke faɗuwa. In ƙasarki tana cikin waɗanda ake nema wa biza, wadda za ki nema ita ce ta gajeriyar ziyara, mai ba da damar zama har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana iya miƙa takardu tun ana saura wata shida a yi tafiya, ke nan ƙofa a buɗe take gare ki tun yau. A ƙa'ida suna yanke hukunci cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, kuma wannan lissafin yana farawa ne daga ranar da kika miƙa takardu, ba daga ranar da kika fara neman layi ba. Neman layin shi ne ainihin wahalar. Yawancin ofisoshin jakadanci sun miƙa karɓar takardu ga kamfanoni irin su VFS Global da TLScontact, kuma da bazara ta ƙarato a Turai gurbin ganawa yakan yi wuya. Ki kama gurbi yau, ki haɗa takardun daga baya. Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓa, kuma ba a mayarwa in an hana. Za a ɗauki hoton yatsunki, don haka dole ki je da kanki.

Akwai kuskuren da nake yawan gani. Mutum zai ji an ce wata ƙasar ta fi saurin ba da biza, sai ya nemi tata alhali Girka zai je. Dokar ita ce ki nema a wajen ƙasar da za ki fi daɗewa a cikinta ko wadda ita ce maƙasudin tafiyar. Naki maƙasudin a fili yake, biki ne a Girka, to wajen Girka za ki nema. Wanda ya yi dabara a nan yana iya haɗuwa da jami'in shige da fice ya tambaye shi masauki, maganarsa ta saɓa wa takardarsa, a soke bizar a bakin iyaka.

Ki fahimci abin da jami'in biza yake so ya sani. Abu biyu ne a ransa: shin dalilin tafiyar gaskiya ne, kuma za ki koma gida? Katin gayyata mai ado ba ya amsa ko ɗaya. Ki sa aminiyarki ta rubuto wasiƙa mai ɗauke da cikakken sunanki yadda yake a fasfo, da dangantakarku, da ranar biki, da wurin da za a yi, da lambar wayarta, da bayanin wa zai biya me. In akwai takarda daga otal ko daga mai tsara bikin da ke tabbatar da an kama wurin, ta haɗa da ita, domin tana da nauyi. A ɓangarenki kuma, takardar wurin aiki da ta nuna an ba ki hutu daga ranar kaza zuwa ranar kaza kuma kujerarki na jiranki, ko takardun rajistar kasuwancinki, da bayanan asusunki na banki na watannin baya. Kada ki yarda wani ya zuba miki maƙudan kuɗi a asusu ana gobe za ki fitar da takardar. Suna ganin irin wannan kullum, kuma zargi yake jawowa. Asusun da albashi ke shiga a kai a kai, ko da ba shi da yawa, ya fi wanda ya kumbura dare ɗaya. Haka kuma duk wanda ya ce zai haɗa miki takardar jabu, ki guje shi, don ƙin da aka yi saboda takardar ƙarya yakan bi mutum zuwa nemansa na gaba.

Sai tambayarki ta tikiti. Waɗanda suka ce ki saya yanzu suna da gaskiya ta fuskar farashi, waɗanda suka ce ki jira suna da gaskiya ta fuskar hatsari. Ga yadda nake yi wa mutanena: ofishin jakadanci galibi shaidar an riƙe miki kujera zuwa da dawowa yake nema, ba lallai tikitin da aka biya ba. Ki sa wakilin tafiye-tafiye ya riƙe miki kujera ta gaske, wadda lambarta za ta fito in an duba, ki kama ɗakin da ake iya sokewa kyauta. In kina tsoron farashi ya haura, ki sayi tikitin da ake mayar da kuɗinsa, amma ki karanta sharuɗɗan da idonki, domin akwai bambanci tsakanin wanda ake canza wa rana da wanda ake mayar da kuɗi, kuma akwai wanda takardar bashi kawai za a ba ki ki yi wata tafiyar da ita. Tikiti mafi araha da ba a canzawa ba a mayarwa, wannan sai biza tana hannunki. Da ta fito kuma ki duba ta tun kafin ki bar wurin: sunanki, lambar fasfo, ranar farawa, ranar ƙarewa, da adadin kwanakin da aka ba ki. Sau da yawa ga mai zuwan farko kwanakin da ya nema kawai ake ba shi, ba ƙari. Don haka tun wajen nema ki saka kwanakin rara.

Wajen zaɓen hanya, ki sayi tafiyar gaba ɗaya a tikiti guda, tun daga inda za ki tashi har Santorini. Zan daɗe a nan kaɗan saboda na ga abin da rabuwar tikiti ke yi. Akwai wata mata da ta zo mini bayan ta riga ta sayi tikiti biyu da kanta a intanet don ta rage kuɗi, ɗaya zuwa babban birni, ɗaya daga can zuwa inda za a yi bikin ƙanwarta, tsakaninsu awa biyu. Jirgin farko ya makara. Kamfani na biyu ya ce bai san da zancen ba, a wajensa fasinja ce da ba ta zo ba, ya soke mata har da na dawowa, domin haka tsarin yake: in ka rasa zangon farko, sauran zangunan da ke kan tikitin sukan mutu. Ta sayi sabo da tsada, ta isa an riga an ɗaura. Har yau ina jin abin a raina. Da tikiti ɗaya ne, da kamfanin ne zai ɗora ta a jirgi na gaba kyauta, kayanta kuma su bi ta. In dole ta sa kin raba, ki bar dare guda a tsakani.

Ki kula da ƙasar da za ki ratsa. Bizar Schengen ba ta shigar da mutum Ingila, kuma 'yan ƙasashe da yawa ko canza jirgi kawai za su yi a Landan sai da bizar wucewa. Amurka ma ta fi tsanani, domin ba ta da tsarin wucewa ba tare da shiga ƙasa ba, abin da ke kama masu zuwa biki a Meziko ko tsibiran Karibiyan. Ke naki da sauƙi: ta Istanbul, ko Doha, ko Alƙahira, ko wani birnin Schengen, duk ana isa Atina, babban birnin Girka. In ta wani birnin Schengen kika shigo, misali Farankfot ko Faris, a can za a yi miki binciken shiga, ba a Girka ba, don haka ki bar aƙalla awa uku a wannan zangon, musamman yanzu da suka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da yatsu a bakin iyaka tun watan Oktoban 2025. Ki riƙe wasiƙar gayyata, da takardar otal, da inshora, da tikitin dawowa a hannunki a buge a takarda. Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in da ke wurin yana da ikon ya sake tambaya.

Daga Atina zuwa Santorini bai kai awa ɗaya ba a jirgin sama. Akwai kuma jirgin ruwa daga tashar Piraeus da ke kusa da Atina, mai sauri kamar awa biyar, babba kamar awa takwas. Tafiyar ruwan tana da kyau, amma a Yuli da Agusta akwai iskar arewa mai ƙarfi da suke kira meltemi, wadda kan sa a jinkirta ko a soke ƙananan jirage masu sauri. In kina sha'awar ruwa ki bar shi sai dawowa. Ki isa tsibirin ana saura kwana biyu cikakku kafin taron farko. Kwana ɗaya na abin da ka iya faruwa ne a hanya, ɗayan na jikinki ne. Wanda ya ratsa bambancin lokaci mai yawa yakan buƙaci kamar kwana guda a kan kowace awa kafin barcinsa ya daidaita, kuma ko babu wannan, mai kwana a jirgi ba ya fitowa da fuskar hoto.

Kayan da za ki sa ranar biki, da takalminsu, da sarƙa da 'yan kunne, da magungunanki, duk a jakar hannu. Wannan ba na sassautawa a kansa. Akwati yakan makara, kuma yawanci yakan iso bayan kwana ɗaya ko biyu, wanda a tafiyar biki daidai yake da bai zo ba. In akwatinki bai fito ba, kada ki bar filin jirgi sai kin cike takardar rahoton kaya a teburin kamfanin, kin karɓi lamba, kin ba su adireshin otal. Ki adana rasit na duk abin buƙata da kika saya a madadin. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda yawancin ƙasashe suka sa wa hannu, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da suka ɓata ko suka makara har zuwa wani adadi, amma da wa'adi: kwana 7 don kai ƙarar kayan da suka lalace, kwana 21 don waɗanda suka makara. Jiragen cikin Turai sukan matsa a kan nauyi da girman jakar hannu fiye da manyan jiragen nesa, don haka ki duba abin da zangon ƙarshe ya yarda da shi. Turare da mai da duk wani abu mai ruwa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100. Fawa bank kuma akasin haka ne, a jakar hannu kawai ake yarda da shi, ba a akwati ba.

Maganar magani tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Abin da ake saya a kanti a wata ƙasa, a wata laifi ne. Duk maganin da ke da kodin ko tiramadol, Girka da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna tsaurarawa a kansa. Ki tafi da magani a kwalinsa na asali, da takardar likita mai sunanki, gwargwadon kwanakin tafiya. Tarayyar Turai kuma ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara da abin da aka yi da su daga waje ba, ko da tsaraba ce ga amarya. Kuma kada ki karɓi saƙon kowa a rufe. A tafiyar biki kowa yana da abin da zai ba ki ki kai wa amarya. Ki buɗe a gabansa, ki gani, ki shirya da hannunki. In mai juna biyu ce ke, ki sani yawancin kamfanoni suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗauka bayan mako na 36.

Inshora dole ce ga bizar Schengen: ta ɗauki nauyin jinya da mayar da mutum gida na aƙalla yuro 30,000, ta game duk ƙasashen yankin da duk kwanakin tafiya. Amma wannan ta jinya ce kawai. In kina so a mayar miki da kuɗin jirgi da ɗaki idan rashin lafiya ko rasuwa ta hana ki tafiya, sai kin sayi wadda ta haɗa da soke tafiya, kuma ki saye ta da wuri. Akwai abin da ba a son faɗa amma dole in faɗa miki: aure yakan fasu, ko a ɗage shi. Allah ya kiyaye, amma na gani. Inshorar tafiya ta yau da kullum galibi ba ta biya don ango da amarya sun canza shawara. Wannan ma wani dalili ne na kama ɗakin da ake sokewa. Abin da zai ɗan sanyaya miki rai shi ne dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004: in jirgi ya tashi daga ƙasar Tarayyar, ko kamfanin Tarayyar ne ya shigo da ke, kuma aka isa da jinkirin awa uku ko fiye bisa laifin kamfani, akwai diyyar yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisa. Ba ta aiki in yanayi ne ya jawo.

Masauki kuwa, in amarya ta kama wa baƙi ɗakuna a otal guda da ragi, yawanci akwai ranar da ragin ke ƙarewa, ki tambaya. Ki kwatanta farashin da na intanet, amma kada ki kalli kuɗin ɗaki kaɗai. Santorini tsibiri ne mai tudu, garuruwan Fira da Oia a bakin dutse suke, tasi ba su da yawa, kuma ɗaki mai araha a ɗaya gefen tsibirin zai iya cinye ragin a kuɗin mota, ya bar ki tsaye a titi da tsakar dare cikin kayan biki. Zama inda sauran baƙi suke yana nufin motar da aka tanada za ta ɗauke ki. In da wata ƙawa da za ku raba ɗaki, kun rage rabin nauyi, sai dai ku yi magana tun yanzu a kan abin da zai faru in ɗaya ba ta samu biza ba. A wasu ƙasashen, manyan otal masu haɗa ci da kwana suna cajin baƙon da ya sauka a waje kuɗin shiga ranar biki, don haka duk inda aka gayyace ki nan gaba ki riƙa tambayar wannan. Ki sa ran otal zai riƙe wani kuɗi a katinki a matsayin jingina har ki fita, kuma a Girka akwai harajin kwana da ake biya a teburin otal.

Ki tafi da katin banki biyu na banki daban-daban, ki tabbatar suna aiki a waje, ki san iyakar da aka sa musu, ki riƙe 'yan yuro a hannu na mota da ƙananan buƙatu. In na'urar biya ta tambaye ki ko a caje ki da yuro ko da kuɗin ƙasarki, ki zaɓi yuro, domin canjin na'urar ya fi tsada. Mai shiga Tarayyar Turai da tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan. Ki sayi adafta mai ƙafa biyu zagayayyu irin ta Turai, ki tanadi layin data tun kafin ki sauka don yawancin sanarwar biki ta WhatsApp ake yi, ki ajiye hoton fasfo da biza a waya da kuma a takarda daban da inda fasfon yake. Lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai 112 ce.

Game da sutura, ki bi abin da aka rubuta a katin, in ba ki gane ba ki tambaya. A bikin da amarya ke sa farar riga, baƙuwa ba ta sa fari. Ki tambayi inda za a tsaya: a Santorini matakala ce ko'ina, ƙasa kuma dutse ne, dogon takalmi mai tsini azaba ne, ki tafi da shimfiɗaɗɗe a jaka. Rana tana da zafi a Agusta, da yamma kuma iska kan taso, mayafi mai ɗan kauri zai yi miki amfani. In a coci za a yi ko wani wurin ibada, a rufe kafaɗa da gwiwa. In akwai abin da ba kya ci saboda addini ko lafiya, ki rubuta a takardar amsa gayyata, don a irin wannan liyafa an ƙirga farantin kowa tun da wuri, kuma a jirgi ma abinci na musamman sai an nema aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Kada ki zo da wanda ba a rubuta sunansa ba, ko yaro ne. In za ki tafi da ɗanki ba tare da mahaifinsa ba, ki riƙe takardar amincewarsa da takardar haihuwa, kuma ki fara tabbatarwa bikin na da yara, domin wasu otal ɗin manya kawai suke karɓa.

Kyauta kada ta dame ki. Wanda ya ƙetare teku don bikinki ya riga ya ba ki babbar kyauta, kuma ma'aurata masu hankali sun san haka. In kina da hali, ki aika musu gidansu ko ki tura kuɗi, kada ki ɗauko abu mai nauyi ki ba amaryar da ita ma kilo 23 aka ba ta. Zumunta a ƙafa take, kuma ke ƙafar kika kawo.

Idan kin isa, ki sani aminiyarki ba za ta samu lokacinki yadda kuka saba ba. Tana da dangi biyu a kanta da mutane da yawa da suka yi tafiya irin taki. Kada ki kira ta don akwatinki ya ɓata ko mota ba ta zo ba. Tun kafin ki tashi ki nemi lambar mai tsara bikin ko wata 'yar'uwarta da aka ɗora wa kula da baƙi. Ki fito motar biki kafin lokaci, domin a Santorini yawancin ɗaurin aure da faɗuwar rana ake daidaita shi, ba a iya jinkirtawa saboda mutum ɗaya. Kada ki sa hotunan amarya a intanet kafin ita ta sa, sai in ta ce babu komai. Ranar dawowa kuma kada ki sa jirgin asuba washegarin liyafa. Ki ƙara kwana ɗaya in bizarki da aljihunki sun ba da dama, ki huta, ki ga garin da idonki ba ta cikin gilashin mota ba, amma ki tabbatar kin fita kafin kwanakin da aka rubuta miki su cika, domin ko kwana ɗaya kika ƙara zai fito a rajistarsu lokacin da za ki sake nema.

A wannan makon ga abin da ke gabanki: ki kira aminiyarki ku yi maganar kuɗi da wasiƙar gayyata, ki je ofishin fasfo ki ji tsawon lokacin da sabuntawa ke ɗauka, ki kama gurbin ganawar biza ko da takardunki ba su haɗu ba tukuna. Ɗinki da takalmi su jira sai fasfo ya dawo da biza a ciki.